Malamanmu Na Ƙonewa Kamar Lagwani: Wa Zai Zuba Musu Mai?

Duk wanda ya zauna a zango, ko a Nima ne ko Mamobi ko Sabon Zango a birnin Akra, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san irin girman da muke ba malami a baki. Idan ya shigo wurin suna ko ɗaurin aure za a tashi a ba shi kujerar gaba, idan rigima ta tashi a gida shi ake aika wa ya zo ya sasanta, idan takarda ta zo daga ofishin gwamnati shi ake kai wa ya karanta ya yi bayani. Amma da za a tambaye mu yaushe rabon da ɗayanmu ya tsaya ya tambayi malamin ɗansa yadda ya kwana, ko albashinsa na kai shi ƙarshen wata, ko yaushe ya samu yini guda cur ya huta, da yawanmu sai dai mu sunkuyar da kai.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Gana da Nijeriya, wadda ake faɗa da Turanci ake kuma faɗa da Hausa, cewa ladan malami yana Lahira. Babu mai ja da cewa koyarwa aikin lada ne. Sai dai mun mayar da wannan magana wani bargo da muke lulluɓe gazawarmu da shi, ta yadda duk malamin da ya buɗe baki ya ce ya gaji sai a dube shi a matsayin mai son duniya ko marar haƙuri. Wannan shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu yi tsokaci a kan wata matsala da ke cin malamanmu a ɓoye, da abin da shi malamin zai iya yi wa kansa, da kuma kason da ya rataya a wuyanmu mu iyaye da sauran jama'ar unguwa.

Gajiyar da barci ba ya maganinta

Kowane ma'aikaci yana gajiya, kuma gajiyar yau da kullum barcin dare ɗaya ko hutun ƙarshen mako kan wanke ta. Wadda muke magana a kai daban take. Masana sun ba ta wani suna da Turanci mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, wato kamar fitilar da kananzir ɗinta ya ƙare amma aka bar ta tana ci, har wutar ta koma cin lagwani.

Wanda ya fara fito da wannan kalma a fagen nazari shi ne wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, a shekarar 1974. Ya lura da masu aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin kyauta a birnin New York na Amurka, waɗanda sukan fara aiki da zafin nama da son taimako, amma bayan wani lokaci sai jikinsu ya mutu, su riƙa jin haushin marasa lafiyar da suka zo taimakawa. Daga baya wata malamar jami'a a Jihar Kalifoniya, Christina Maslach, ta zurfafa bincike, har a 1981 ita da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da wani ma'auni na tambayoyi da ake gane matsalar da shi, aka kuma yi wa ma'aunin wani nau'i na musamman domin malaman makaranta.

A watan Mayun 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan matsala a cikin kundinta na 11 na rabe-raben cututtuka. Hukumar ba ta kira ta cuta ba, ta ce wani hali ne da ke tasowa daga matsin aiki na dogon lokaci wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma lissafa alamominsa guda uku. Ta farko, ƙarewar kuzari, mutum ya tashi da safe a gajiye kamar bai kwanta ba. Ta biyu, zuciya ta yi nisa da aikin, mutum ya riƙa jin ƙyashinsa ko ya daina ganin amfaninsa. Ta uku, raguwar ƙwazo, ya zama abin da mutum ya saba yi da kyau ya gagare shi.

Idan mai karatu ya ɗauki waɗannan alamomi uku ya shiga da su aji, zai gane fuskokin da ya sani. Malamin da a da yake tsayawa bayan an tashi ya ƙara wa yara bayani, yanzu shi ne na farkon fita ƙofa. Malamar da ta san sunan kowane yaro har da na mahaifiyarsa, yanzu tsawa ce gaisuwarta. Mu kuwa a unguwa sai mu yanke hukunci cewa malam ya lalace ko malama ta yi girman kai, alhali fitila ce manta ya ƙare.

Wani abu muhimmi da binciken Maslach da abokin aikinta Michael Leiter ya nuna shi ne, tushen matsalar ya fi yawa a yanayin wurin aiki. Sun ambaci abubuwa shida: yawan aiki fiye da ƙima, rashin ta cewa a kan yadda mutum zai gudanar da aikinsa, ƙarancin sakamako na kuɗi ko na yabo, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da kuma tilasta wa mutum yin abin da ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi. Da wuya a samu malami a makarantunmu wanda aƙalla uku daga cikin shidan nan ba su same shi ba.

Kayan da malamin zango ke ɗauke da su

Idan ba mu manta ba, a 2005 gwamnatin Gana ta soke kuɗin makaranta a matakin farko ta hanyar ba kowace makaranta wani kaso na kuɗi bisa yawan ɗalibanta, a shekarar ce kuma aka fara shirin ciyar da yara a makarantu. A watan Satumbar 2017 aka fara karatun babbar sakandare kyauta, cunkoson da ya biyo baya ya sa a 2018 aka raba ɗalibai gida biyu a makarantu da dama, wasu na aji wasu na hutu. Babu shakka waɗannan matakai alheri ne, kuma 'ya'yan talakawan zango suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarsu. Amma duk yaron da ya ƙaru a aji, a kan malami nauyinsa yake sauka, kuma ginin azuzuwa da ɗaukar sababbin malamai ba su yi gudun da yawan yaran ya yi ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. A unguwanni masu cunkoso ba abin mamaki ba ne a ga yara 60 a aji ɗaya. Idan malami ya ba su aiki a darussa uku a yini, littattafai 180 ke jiran jan birinsa. Ko da minti ɗaya kacal ya ba kowane littafi, sa'a uku ke nan, ban da rubuta tsarin darasin gobe, ban da cike rajista, ban da zaman trotro a cunkoson Akra safe da yamma. Wannan aiki ba ya cikin sa'o'in da ake ganin malami a makaranta, a gida yake yin sa da dare, shi ya sa mai kallo daga waje yake cewa malami ya fi kowa hutu tunda da rana yake tashi.

Malamin zango kuma yana da ƙarin kaya da takwaransa na wata unguwa ba lallai ya ɗauka ba. Tun 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, wanda ya ba makarantunmu damar haɗa boko da Arabiyya a wuri guda, gwamnati na biyan malaman da ta tura. Sai dai malaman Larabci da yawa, musamman waɗanda ba su da takardar shaidar koyarwa da hukuma ta yarda da ita, ba su cikin jerin masu albashin gwamnati, abin da iyaye suka bayar shi ne abincinsu. Wanda kuma yake da albashin, sau da yawa shi ne dai zai koyar da boko daga Litinin zuwa Juma'a, ya zauna da yara a makarantar allo da yamma, sannan Asabar da Lahadi ya buɗe makarantar ƙarshen mako. Kwana bakwai ke nan a mako babu ranar da ta zama tasa.

Bayan haka ga hidimar unguwa. Shi ne sakataren kwamitin masallaci, shi ne mai cike wa tsofaffi fom, shi ne mai rubuta wa ƙungiyar matasa wasiƙa, shi ne mai raka iyaye neman wa yaro gurbin sakandare. Tun da wayar hannu ta shigo kuwa, babu dare babu rana. Iyaye kan kira malami ƙarfe goma na dare don jin dalilin da ya sa yaro bai ci jarrabawa ba, kuma kunya ba za ta bari ya ƙi ɗauka ba.

Malamai mata nasu ya ninka. Malama za ta tashi tun asuba ta ɗora tukunya, ta shirya nata yaran, ta je ta yini da yaran wasu, ta dawo ta tarar da wanki da girkin dare suna jiranta, sannan a sa mata ido idan ba a gan ta gidan biki ko gidan rasuwa ba. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta tanadar wa ma'aikaciya hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da sa'a guda a yini domin shayarwa bayan ta koma aiki, amma a ƙananan makarantu masu zaman kansu malamai mata da yawa ba su ma san da wannan haƙƙi ba, balle su nema.

Sai kuma batun aljihu, wanda shi ne uwa uba. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, makarantun firamare ba su koma ba sai Janairun 2021, kuma a tsawon waɗannan watanni malaman makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya da yawa sun zauna babu ko sisi. Ba a gama farfaɗowa ba sai tsadar rayuwa ta kawo jiki. A watan Yulin 2022 ƙungiyoyin malamai, ciki har da GNAT da NAGRAT, suka shiga yajin aiki suna neman alawus na rage raɗaɗin tsada na kashi 20 cikin 100, aka daidaita a kan kashi 15. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Malamin da ke tunanin kuɗin hayar da mai gida ke nema na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, da wace zuciya zai tsaya gaban allo?

Asarar ta kowa ce

Wani zai ce ai wannan matsalar malamai ce, su da gwamnati. To amma mu tuna cewa yaran da ke zaune gaban gajiyayyen malami namu ne. Malamin da ya ƙone ba ya shirya darasi, yana yawan fashi, yana saurin fushi, kuma yaron da ya fi buƙatar a ja shi a hankali shi ne na farkon da za a bari a baya. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai tun 2017, amma kowa ya san cewa hannun da ya gaji ya fi saurin kaiwa ga bulala.

Ƙarshen abin kuma shi ne malami ya ajiye alli ya kama gabansa. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2024 ya nuna cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma yawan malaman firamare da ke barin aiki a duniya ya kusan ninkawa tsakanin 2015 da 2022, daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 9 cikin 100.

Gana ta taɓa ɗanɗana wannan. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, dubban malamai suka tsallaka Nijeriya inda kuɗin man fetur ke gudana, har yau akwai dattawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da ke tuna malaman Gana da suka koya musu lissafi da Turanci. Azuzuwan da suka bari a gida sai aka cike su da waɗanda ba su da horo. Korar baƙi da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a 1983 ta dawo da da yawa, amma ilimin ƙasar ya daɗe yana jinyar raunin. Yau ƙofar ta koma wani wuri: tun watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe, ciki har da Gana da Nijeriya, hanyar neman shaidar koyarwa a can. Wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi samun damar tafiya. Idan malamin kimiyya guda ɗaya tilo da ke makarantar unguwarmu ya tafi, ba a ranar za a samu madadinsa ba.

Abin da malami zai yi wa kansa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malam, Malama, kula da kai wani ɓangare ne na amanar da kuka ɗauka, domin yara ba za su amfana da malamin da ke kwance a asibiti ba.

Abu na farko shi ne barci. Likitoci na ba babban mutum shawarar ya samu aƙalla sa'a bakwai a dare. Wanda zai tashi sallar asuba ya kama hanyar makaranta, dole ya sa wa kansa lokacin da zai rufe littattafan yara ko an gama ko ba a gama ba. Akwai dabarun rage wannan aiki da ƙwararrun malamai suka sani: wasu ayyukan a gyara su tare da yara a aji, kowa ya musanya littafi da na kusa da shi, wasu a zagaya a duba tun yara na cikin yi, a bar wa gida abin da lallai sai an zauna a kansa.

Na biyu, murya. Ita ce jarin malami, kuma dashewar murya da ciwon maƙogwaro suna cikin cututtukan da suka fi addabar masu wannan sana'a. Ajiye ruwa kusa a riƙa kurɓa, a koya wa yara wata alama ta yin shiru kamar tafi ko ɗaga hannu maimakon a yi ta ƙwala ihu a kan yara 60. Muryar da ta dashe fiye da mako biyu ko uku a kai ta asibiti.

Na uku, a riƙa auna jini. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Shirin inshorar lafiya na ƙasa yana nan tun 2003, a tabbatar kati bai mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato kamar tafiyar ƙafa ta rabin sa'a a kwana biyar, kuma wannan ba ya buƙatar ko kwabo.

Na huɗu, a koyi cewa a'a cikin ladabi. Ba kowane kwamiti ne sai da malam ba, ba kowane kira ne kuma sai an amsa shi da dare ba. A gaya wa iyaye tun farkon zangon karatu ranar da lokacin da za su iya samun malami. Wanda ke koyarwa kwana bakwai ya zauna da abokan aikinsa su tsara karɓa-karɓa, yadda kowa zai samu yini guda a mako.

Na biyar, a yi hattara da bashi. Kamfanonin ba da rance na bin malamai har makaranta saboda sun san daga albashi za a cire, kuma akwai malaman da kafin kuɗi ya iso hannunsu an riga an yanke rabi. Ƙungiyar GNAT na da asusun malamai tun 1998, akwai kuma ƙungiyoyin ajiya da lamuni na malamai a gundumomi, ga adashi ko susu da muka gada. Duk wanda za a ɗauka, a lissafa abin da zai rage a hannu kafin a sa hannu.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi nauyi a al'adarmu, a yi magana. Idan gajiya ta kai ga mutum ya daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to abin ya wuce ƙonewar aiki, yana iya zama ciwon damuwa, wanda ke da magani kamar yadda zazzaɓi ke da shi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukuma ta musamman domin wannan, kuma ban da manyan asibitocin Akra da Pantang da Ankaful, akwai ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne.

Kason jama'ar unguwa

Duk da haka, zalunci ne a ce wa mutumin da aka ɗora wa buhu uku ya gyara tafiyarsa kawai. Dole a rage masa buhu, kuma a nan ne namu aikin yake.

Abin sha'awa shi ne ba sai mun je wata ƙasa mun aro dabara ba. Magabatanmu da suka biyo hanyar fataucin goro suka kafa zangonni a Salaga da Kumasi da Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan haifaffen Kano Alhaji Umaru ya zauna ya koyar har rasuwarsa a 1934, sun zo da tsarin makarantar allo wanda ya san darajar hutun malami. Ranakun Alhamis da Juma'a babu karatu. Kowane yaro na kawo kuɗin Laraba. Idan yaro ya kai wani mataki ko ya sauke, iyaye na yin sadaka malam ya samu rabonsa. Inda ake noma, manyan almajirai na taya malam aikin gona, maƙwabta na aiko da ƙwaryar abinci. Ba a rubuta wannan a wata doka ba, amma kowa ya san cewa cikin malam da hutunsa suna wuyan unguwa. Da boko ya karɓe ranakun mako, karatun addini ya koma yamma da ƙarshen mako, sai hutun Alhamis da Juma'a ya ɓace ba tare da an musanya shi da komai ba, kuɗin Laraba kuma ya tsaya inda yake alhali farashin mudu ya tashi sau ba adadi.

To me za mu iya yi? Da farko mu biya kuɗin makarantar Islamiyya a kan kari, mu kuma yarda a sake duba shi. Abin kunya ne mutum ya kashe kuɗi masu yawa a ankon biki, amma malamin da ke koya wa 'ya'yansa Fatiha ya bi shi bashin wata uku. Kwamitocin masallatai su ware wani kaso tsayayye daga abin da ake tarawa ranar Juma'a domin malaman da ba su da albashin gwamnati, a rubuta, a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. 'Yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus da Ingila da Saudiyya suna ƙoƙari wajen aiko da kuɗin gini da fenti da tayil, muna roƙonsu su tuna cewa ginin ba shi ke koyarwa ba. Ɗaukar nauyin alawus na malami ɗaya na shekara guda sadaka ce mai gudana ita ma.

Na biyu, mu sauke wa malami kayan da ba nasa ba. A kowane zango yanzu akwai matasan da suka gama sakandare da jami'a suna zaune, su karɓi cike fom da rubuta wasiƙu da sakatarcin ƙungiyoyi. Tsofaffin malamai da suka yi ritaya za su iya ba da yini ɗaya a mako su zauna da yaran da karatu ya yi wa nauyi, ko su riƙe aji ranar da malama ta kai ɗanta asibiti. Iyaye mata na iya tsara karɓa-karɓa wajen kula da yara lokacin cin abinci, domin malamai su samu minti 30 su zauna su ci nasu cikin natsuwa.

Na uku, mu gyara yadda muke zuwa makaranta. Da yawanmu malami ba ya ganin fuskarmu sai ranar da muka zo faɗa. Idan akwai ƙorafi, a bi ta hannun shugaban makaranta ko kwamitin gudanarwa, kada a ci mutuncin malami a gaban yaran da gobe zai tsaya ya koyar. Idan kuma yaro ya yi ƙoƙari, a taka a je a ce an gode. Ƙasa na karrama gwarzon malami tun 1995, ana kuma bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace 5 ga Oktoba tun 1994, amma mutum nawa wannan kyauta za ta kai gare su? Babu abin da zai hana sarkin zango da limamai su ware rana guda a shekara su tara malaman unguwa, na boko da na allo, a ci abinci tare, a kira sunan kowa a gaban jama'a.

Na huɗu ya shafi malamai a tsakaninsu. Tun da aka kawo sabuwar manhajar firamare a 2019, an tsara cewa malaman kowace makaranta su riƙa zama lokaci-lokaci suna koyo daga juna. Maimakon wannan zama ya zama wani ƙarin aiki na cike takarda, shugabannin makarantu su mayar da shi wurin raba nauyi: masu koyar da aji ɗaya su raba shirya darussa, tsohon hannu ya riƙe sabon da aka turo, musamman a watannin farko da sabon malami kan yi yana jiran albashinsa na fari. Shugaban da ke raba aiki da adalci, yake kuma sauraron malamansa kafin ya yanke shawara, ya riga ya magance biyu daga cikin abubuwa shidan nan da masana suka lissafa, ba tare da ya kashe sidi ɗaya ba.

Ga hukuma kuma

Wannan duka ba ya ɗauke wa gwamnati nata nauyin. Tun ranar 5 ga Oktoban 1966 UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince da wata takardar shawarwari a kan matsayin malamai, wadda ta ce yawan yara a aji ya zama daidai yadda malami zai iya kula da kowane yaro, kuma a lissafa lokacin shirya darasi da gyaran aiki a cikin sa'o'in aikinsa. Kusan shekara 60 ke nan, har yanzu muna nesa. Muna kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓun da zangonni suke, da masu kula da Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, su sa batun ƙarin azuzuwa, da biyan sababbin malamai a kan lokaci, da buɗe wa malaman Larabci hanyar samun horo da shaidar da za ta shigar da su tsarin albashi, a sahun gaba na abin da suke nema mana.

Amma kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu tun daga wannan mako. Kowannenmu ya san sunan malamin ɗansa, ya san ƙofar gidansa ko aƙalla ƙofar ajinsa. A biya shi abin da yake bi, a bar masa darensa da ranar hutunsa, a tambaye shi lafiyarsa da ta iyalinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar ilimin 'ya'yanmu ta daɗe a kan mutum ɗaya. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.